Mako takwas a teburin wani injiniya a Samaru: abin da kuɗina ya saya mini a neman aikin manhajar cikin na'ura

Sau biyu aka kira ni ganawar ɗaukar aiki a shekarar da na gama yi wa ƙasa hidima, kuma sau biyun aka sallame ni cikin ladabi tun ba a kai rabin tambayoyin ba. Aikin da nake nema shi ne rubuta manhajar da ke zaune a cikin na'ura, irin wadda ke tafiyar da mitar wuta ta kati, da inbatar sola, da na'urar POS, da abin bin sawun mota, ba manhajar waya ko ta shafin intanet ba. A ganawa ta biyu, wadda aka yi ta bidiyo da wani kamfanin haɗa mitoci da ke Legas, mai tambayar ya ga na cika takardata da ayyukan Arduino, allon lantarkin nan na masu koyo, sai ya ce in bayyana masa abin da ke faruwa a cikin aisi, wato ɗan guntun lantarkin da ke zama ƙwaƙwalwar na'ura, tun daga lokacin da wuta ta shige shi har zuwa lokacin da layin farko na manhajata zai fara aiki. Na yi kame-kame, shi kuwa ya yi mini godiya. Wannan kunyar ce ta kai ni wani ɗakin bita a Samaru, wanda wani abokin karatuna ya ce ana shirya masu neman irin wannan aiki a cikinsa, kuma a kan wannan wurin nake son yin bayani ga duk wanda ke tunanin kai kuɗinsa can. Ba zan ambaci sunansa ba, domin ina da ƙorafi a kansa, mai shi kuwa mutum ne da nake ganin girmansa. Wanda yake cikin wannan harka a Zariya zai gane inda nake nufi.

Ɗaki ne guda a saman bene, cikin jerin shagunan da ke ɗan nesa kaɗan da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, a ƙasansa kuma akwai kantar sayar da kayan lantarki ta mai wurin. Kowa Injiniya yake kiransa, shi kuma kowa Malam ne a bakinsa, ko da yaron da bai gama sakandare ba ne ya shigo sayen waya. Ana zama kwana uku a mako daga bayan La'asar zuwa Magariba, sai ranar Asabar daga safe zuwa Azahar. Ni daga Tudun Wada nake tasowa, in sauka Kwangila in sake hawa wata motar, saboda haka kuɗin mota na mako takwas ya zama wani kaso da ban sa a lissafi ba tun farko. Kuɗin kwas ɗin kansa ya ɗan haura alawus ɗin wata guda na mai yi wa ƙasa hidima, ana iya biya kashi biyu, sannan akwai wani ƙarin kuɗi daban da ake karɓa da sunan haɗa mutum da kamfanoni. Zan dawo kan wannan ƙarin.

Abu na farko da Injiniya ya yi shi ne raba mu da Arduino, kuma bai yi hakan da raini ba. Ya ce allo ne mai albarka wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗaliban da ba injiniyoyi ba, kuma ya cika aikin da aka yi shi dominsa, amma dai yana ɓoye wa mai koyo ainihin abin da mai ɗaukar aiki yake son ji. Allon Uno yana ɗauke da aisin ATmega328P mai gudun megahaz 16, da ma'ajiyar dindindin ta kilobayit 32, da ma'ajiyar wucin gadi ta kilobayit 2 kacal. A madadinsa aka ba kowane mutum biyu allon Nucleo-F401RE na kamfanin STMicroelectronics, mai ƙwaƙwalwar ARM Cortex-M4 da ke gudun megahaz 84, da kilobayit 512 na ma'ajiyar dindindin da 96 na wucin gadi, wanda kuma ya zo da na'urar farautar kuskure ta ST-LINK a jikinsa. Wannan na'urar ita ce babban bambancin, domin da ita ake tsayar da manhaja a tsakiyar gudu a leƙa abin da ke cikin kowace rijista, wato ƙananan ma'ajiyoyin lambobi da ke cikin aisin, maimakon a yi ta buga saƙonni a fuskar kwamfuta ana canki-canka.

Makon farko gaba ɗaya a kan kunna fitila guda ya ƙare, 'yar koriyar fitilar nan da ke haɗe da ƙafar PA5. Sharaɗin shi ne ba a yarda mutum ya yi amfani da ɗakin karatun manhajar da kamfani ya tanada ba, wato tarin manhajojin da aka riga aka rubuta don sauƙaƙa aiki; sai dai ya buɗe kundin bayanin aisin mai ɗaruruwan shafuka, ya nemo rijistar da ke ba sashen ƙafafun bugun agogo, ya nemo wadda ke mayar da ƙafar ta zama mafita, sannan ya rubuta lambobin da hannunsa a harshen C. Na ji haushin wannan makon ƙwarai, har na fara lissafin nawa na biya a kan kowace ƙyaftawar fitila. Amma a cikinsa ne na sami amsar tambayar da ta kayar da ni: da zarar wuta ta shigo, ƙwaƙwalwar tana karanta kalma ta farko a teburin adireshi ta san inda za ta kafa rumbun ajiyarta na wucin gadi, ta karanta ta biyu ta san inda za ta fara, sannan wata 'yar manhajar share fage ta kwafo ƙimomin farko daga ma'ajiyar dindindin zuwa ta wucin gadi, ta mayar da sauran sifili, kafin a miƙa ragama ga abin da ni na rubuta. Injiniya bai faɗa mana wannan a allon rubutu ba. Sa mu ya yi muka bi matakan ɗaya bayan ɗaya da na'urar farautar kuskure har muka gani da idonmu.

Wannan shi ne halin koyarwarsa, kuma shi ne abin da ya fi kowane abu daraja a wurin. In ka ce masa manhajarka tana aiki, amsarsa ɗaya ce: "Malam, nuna mini a gilashi." Yana nufin fuskar osiloskof, na'urar da ke zana siginar lantarki a gani, ko ta kwamfutar da aka jona wa 'yar na'urar bin sawun sigina mai layi takwas, irin mai arahar nan da ake karantawa da manhajar PulseView. Na tuna yinin da na ɓata ina ƙoƙarin sa allona ya yi magana da agogon DS3231 ta layin I2C, wato hanyar nan ta waya biyu da kamfanin Philips ya fito da ita a 1982. A lokacin an riga an ba mu izinin amfani da ɗakin karatun kamfanin, na kuma rubuta adireshin agogon daidai yadda yake a takardarsa, 0x68, amma agogon ya yi gum. Na canja waya, na canja agogo, na fara zargin allon. Da na kai ƙara, Injiniya bai ko kalli rubutuna ba, sai ya miƙo mini ƙananan maƙalai ya ce in ɗauko hoton abin da ke bin wayar. A gilashin na ga adireshin da ke fita 0x34 ne, rabin abin da na rubuta, kuma babu wanda ya amsa shi. Ashe ɗakin karatun yana son a tura adireshin gurbi ɗaya, wato bit ɗaya mai ɗaukar 0 ko 1, zuwa hagu kafin a ba shi, domin gurbin ƙarshe na nuna karatu ne ko rubutu. Gyaran bai kai minti ɗaya ba, amma tun daga ranar ban sake canja wani ƙarfe ba kafin in duba abin da ke gudana a kan waya.

Daga mako na huɗu kowa yake zaɓar aikin da zai gina, wanda zai zama abin nunawarsa a gaban masu ɗaukar aiki, kuma Injiniya yana ƙin duk aikin da ya san an kwafo shi daga bidiyon intanet. Ni na zaɓi na'urar kula da injin ƙyanƙyasar ƙwai, saboda kiwon kaji ba baƙon abu ba ne a yankin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar da kazar ShikaBrown, kuma yayata tana da ƙaramin inji da take fama da shi. A ido aikin mai sauƙi ne: a riƙe zafi a wajen digiri 37.5, a riƙa juya ƙwan a kan lokaci, a ƙirga kwana 21. Wahalar tana cikin abin da ba a faɗa ba. Idan wuta ta ɗauke a kwana na 12, dole na'urar ta tuna inda ta tsaya in ta farfaɗo. Dabarata ta farko ita ce in riƙa gogewa da sake rubuta ƙirgar a ma'ajiyar dindindin kowane minti ɗaya. Injiniya ya sa na nemo a takardar aisin sau nawa masana'anta ta lamunce a goge wannan ma'ajiyar, na tarar sau 10,000 ne, ya ce in raba da mintoci 1,440 da ke cikin yini. Bai cika kwana bakwai ba. Wato da na kai wa yayata na'urar a haka, da na cinye lamunin ma'ajiyar tun ƙwan farko bai yi rabin hanya ba. Mafitar ita ce a riƙa jera sabon rubutu a gaban tsoho har sashen ya cika kafin a goge shi sau ɗaya, a kuma bar wa agogo mai ɗan batirinsa aikin riƙe lokaci. A kan wannan aikin na koyi sa agogon gadi, wanda ke sake tayar da na'ura in manhaja ta maƙale, da kuma dalilin da ya sa ake rubuta kalmar volatile a gaban duk ƙimar da kiran katse aiki, wato siginar da ke dakatar da manhaja ta kula da abin gaggawa, yake taɓawa, bayan da manhajata ta daina jin maɓalli a ranar da muka ce wa mai fassarar C ya tsuke ta.

Ganawar gwaji da ake yi a makonni biyun ƙarshe ita ce abu na biyu da ya cancanci kuɗin. Ana yin ta da Turanci, a tsaye, gaban sauran ɗalibai, kuma Injiniya yana sauya fuska gaba ɗaya, babu Malam babu wasa. Tambayar da ya yi mini ta fara ne kamar hira. Ya ce ko na tuna lokacin da aka riƙa sanar da masu mitar kati cewa su shigar da wasu lambobi biyu na musamman kafin 24 ga Nuwamba 2024, in ba haka ba mitarsu za ta daina karɓar sabon kati? Na ce na tuna, domin ni na shigar da na gidanmu. Sai ya ce in faɗa masa dalili. Bayanin shi ne, a cikin lambobi 20 ɗin nan da muke saya akwai wata ƙirga ta mintoci mai gurbi 24, wadda ta fara daga 1 ga Janairu 1993, kuma gurbi 24 ba ya ɗaukar abin da ya wuce 16,777,215. In ka mayar da wannan adadin mintoci zuwa shekaru za ka ga ya kusa 32, wato ya cika a ranar da aka ambata. Ina cikin jin daɗin na gane, sai ya juyo da tambayar kaina: ƙirgar da ke cikin injin ƙyanƙyasata fa, wadda ke ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa a gurbi 32, yaushe za ta cika? Na buga lissafi a allo na sami kwana 49 da 'yan sa'o'i. Ya ce to, in yayarka ta zuba ƙwai zubi uku a jere ba ta kashe injin ba, me zai faru da zubi na uku? A nan na gane cewa yadda na rubuta gwajin lokacin juya ƙwai zai rikice a daidai wannan gaɓar, kuma a gaban mutum takwas aka sa na gyara shi ta hanyar ɗebe lokacin farawa daga lokacin yanzu maimakon gwada wanne ya fi girma. Ban ji daɗin tsayuwar ba, amma gara a sha ta a Samaru da a sha ta a gaban wanda albashi yake hannunsa.

Gyaran takardar CV bai ɗauki lokaci ba. An goge jerin harsunan da na lissafa alhali ban iya su ba, aka bar C da ɗan Python, aka sa na ɗora aikin ƙyanƙyasar a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, tare da hoton siginar da na ɗauka da bayanin kurakuran da na ci karo da su. Shi ke nan, kuma ya wadatar.

Inda wurin ya gaza kuwa, ya gaza a fili. Osiloskof ɗaya ne ga mutum tara, saboda haka rabin lokacin yamma a layi yake tafiya. Wannan ya fi cutar da mata biyun da ke cikinmu, waɗanda dole su kama hanya kafin duhu, ɗaya ma har cikin birni take komawa. Sau da yawa layi yana isowa kansu ne daidai lokacin da suke haɗa jaka, kuma ba a taɓa tunanin a fara da su ba sai da ɗayarsu ta yi magana a mako na biyar. Wutar sola da ke ɗakin tana ɗaukar kwamfutoci, amma in rana ta yi sanyi sai a kashe ƙarfen narka dalma, wanda ke nufin duk mai aikin haɗa waya ya jira Asabar. Mun yi kwas ɗin a cikin hunturu, lokacin da iskar Zariya ke bushewa har mutum ya taɓa ƙofar mota ya ji tartsatsi, amma babu tabarmar kariya ko igiyar ɗaura wa hannu ko ɗaya a teburin, alhali shi kansa Injiniya ya yi mana bayanin yadda irin wannan tartsatsin ke kashe aisi. Allo ɗaya ya mutu a hannun wani abokin zamana ba tare da wani dalili na zahiri ba, aka kuma ce shi zai biya. A kantar ƙasa ma na sayi ɗan ƙaramin allon nan mai launin shuɗi da ake kira Blue Pill domin in riƙa gwaji a gida, sai manhajar kamfanin ta ƙi amincewa da shi saboda aisin da ke kai ba na asali ba ne duk da tambarin da aka buga masa. Yaron kantar ya san haka, bai faɗa mini ba. Da na kai wa Injiniya ya mayar mini da kuɗina ba gardama, amma allunan suna nan a cikin gilashin kantar har yau.

Takardar tallar wurin ta yi alƙawarin koyar da manhajar can ƙasan kwamfuta, wato Linux da rubuta direban na'ura, kuma wannan yana cikin abin da ya ja ni. Abin da muka samu yammaci biyu ne a kan Raspberry Pi guda ɗaya, inda muka kalli Injiniya ya ɗora wani ɗan direba ya sauke shi. FreeRTOS ma, manhajar da ke raba lokaci tsakanin ayyuka a ƙananan aisi, wanda kusan kowace sanarwar aiki ke ambata, kwana uku aka ba shi, muka ƙirƙiri ayyuka biyu suna aika wa juna saƙo ta layin jira, aka wuce. Ban ga laifin mutum don bai ƙware a komai ba, kuma a bayyane yake cewa ƙarfinsa yana wajen ƙananan aisi da mitoci da layin RS-485 da inbatoci ke magana da shi, amma ya kamata a cire abin da ba za a koyar ba daga takardar.

Sai ƙarin kuɗin haɗa mutum da kamfanoni, wanda shi ne kaɗai abin da nake nadamar biya. Abin da ya haifar shi ne shigar da ni wani zauren WhatsApp inda ake turo sanarwar ayyukan da ni ma nake gani a LinkedIn, galibinsu a Legas ko Abuja, wasu kuma na aiki daga gida da ke neman gogewar shekara biyar. Na tambayi Injiniya kai tsaye, na ce, "Ranka ya daɗe, akwai kamfanin da kuke da yarjejeniya da shi?" Ya ce babu, sai dai tsoffin abokan aikinsa da yakan kira in ya ga ɗalibin da ya gamsu da shi. Na yaba da gaskiyar, amma kiran da malami zai yi wa abokinsa saboda ya gamsu da kai ba abin da za a karɓi kuɗinsa tun kafin a san ka ba ne. Gaskiyar da ya kamata kowa ya shiga da ita ita ce masu ɗaukar irin wannan ma'aikaci ba su da yawa a Zariya. Abin da ke kusa da gida shi ne masu haɗa sola, da masu gyaran inbata, da ayyukan bincike na jami'a da cibiyoyin da ke kewaye da ita, waɗanda kan zo da ɗan kwantiragi su wuce. Wanda yake son albashin wata-wata a wannan fanni, ya shirya wa tafiya ko ya shirya wa ganawa ta bidiyo da intanet mai ƙarfi.

Wanda bai taɓa rubuta C ba kada ya je tukuna, domin ba a tsayawa koyar da manuni da jeri da lissafin gurbi-gurbi, kuma mutum biyu da suka zo a haka sun daina zuwa kafin mako na uku ba a mayar musu da ko sisi ba. Wanda ya iya C, ya kuma gaji da jona wayoyin Arduino ba tare da sanin abin da ke ƙarƙashi ba, zai ci riba, muddin ya biya kuɗin kwas kaɗai ya bar ƙarin. Ni dai an sake kirana ganawa wata biyu bayan na gama, wannan karon wani kamfanin sola ne a Abuja. Rabin lokacin a kan injin ƙyanƙyasar muka yi shi, domin mai tambayar ya buɗe shafina na GitHub yana bi layi-layi, kuma ya daɗe a kan yadda na kauce wa cinye ma'ajiyar dindindin. Da ya koma kan FreeRTOS ya tambaye ni abin da ke faruwa in ƙaramin aiki ya riƙe makullin da babban aiki yake jira, sai na ce masa ban kai nan ba, ya ce in karanta kafin zagaye na biyu, wanda aka sa mini a wata mai zuwa.

Saboda wannan karatun nake komawa ɗakin yanzu, ba a matsayin ɗalibi ba, domin ana ba da hayar tebur da kayan awo a kan kuɗin sa'a ga duk wanda ya gama kwas ɗin. Safiyar Talata ta fi, lokacin babu aji, osiloskof ɗin yana zaune ba mai taɓa shi, batiran sola kuma suna cike. Mai zuwa ya taho da wayarsa ta USB mai ƙaramin kai irin na da, wadda allon Nucleo ke amfani da ita, domin biyu daga cikin waɗanda ke rataye a bangon caji kawai suke yi, ba sa ɗaukar bayanai, kuma ba a yi musu alama ba.